Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2020: Mu da Cutar Korona

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa, da sauran 'yan'uwa ma'aikatan lafiya maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bisa tsarin mulkin ƙungiya, tun ƙarshen Disamba ya kamata a karanta muku wannan rahoto. Sake tasowar cutar a ƙarshen shekara da taƙaita taruwar jama'a suka sa aka ɗage babban taro, shi ya sa rahoton ya ɗan zarce iyakarsa: ya taso daga Janairun 2020 har zuwa wannan wata na Maris 2021 da allurar rigakafi ta shigo ƙasa. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai kawo shi daban bayan masu binciken kuɗi sun sa hannu. Kafin mu shiga bayani, muna roƙon Allah Ya jiƙan membobinmu da suka rasu a wannan tsakani, da iyaye da 'yan'uwan da muka binne a watannin nan, Ya ba iyalansu haƙurin jure rashi.

Abin da muka tsara da abin da ya same mu

Jadawalin da kwamiti ya zana a farkon shekara ko sunan korona babu a cikinsa. Mun sa bitar zazzaɓin Lassa a gaba, sai bibiyar ƙarin girman membobin da suka daɗe a mataki ɗaya, sai gyaran rufin ofishin ƙungiya. Lassa ce ke hana mu barci a lokacin, domin a Janairun nan ta kashe likitoci a nan Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata. Bitar Lassa ɗin kaɗai muka samu yi. Maganar ƙarin girma da ta rufi suna nan inda muka bar su, an sake sa su a jadawalin bana.

Labarin cutar da ta ɓulla a Wuhan, wani birni a ƙasar Sin, kuwa a rediyo kawai muke jin sa. Ranar 30 ga Janairu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris aka kira cutar annobar duniya, sai ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko a Kano. Ku duba tazarar da ke tsakanin Legas da Kano: makonni shida cur. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma a cikin waɗannan makonni, abin da ya fi yawo a bakin mutane, har da masu farar riga, shi ne cutar ta masu hawa jirgi ce, kuma zafin bazarar Kano zai ƙone ta kafin ta zauna.

Jin irin wannan magana a wuraren aikinmu ya sa kwamiti ya yanke shawarar a tambayi membobi kai tsaye: me kuka sani game da cutar, yaya kuke kallon ta, kuma me za ku yi in mai ita ya shigo hannunku? Wannan shi ne babban aikin ƙungiya na shekarar. Sauran ayyukan duka daga amsoshinsa suka fito, don haka zan daɗe a kansa.

Zagayen farko na tambayoyi

An rubuta tambayoyin da Hausa da Turanci, aka tura ta WhatsApp, wakilan shiyyoyi kuma suka kai takarda ga waɗanda ba su da babbar waya. Ba a nemi kowa ya rubuta sunansa ba, sai irin aikinsa. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya mata ce ta dage a kan kada a tsaya ga nas-nas da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma da ma'aikatan ɗakin gwaji da na ɗakin magani. Ta ce a haɗa da masu shara, masu wanki, masu yankar kati, masu gadi da direbobin motar asibiti, ko da yake yawancinsu ba membobi ba ne. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri. Ba don ita ba, da rabin abin da muka gano ya wuce mu.

A ɓangaren sani, membobi ba su ba mu kunya ba. Kusan kowa ya kawo zazzaɓi da busasshen tari da sarƙewar numfashi. Kusan kowa ya san kwana 14 ake killace wanda ya yi mu'amala da mai cutar, ya san wanke hannu da sabulu, ya san tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ne suka fi shiga haɗari. Wannan shi ne karatun da gidajen rediyo ke bita safe da yamma, kuma ya zauna daram.

Inda aka fara tuntuɓe shi ne abin da rediyo ba ya faɗa, wanda sai a bakin aiki ake buƙatarsa. Da yawa sun ɗauka wanda ba ya tari ba ya zazzaɓi ba zai sa wa wani cutar ba, alhali mutum na iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba. Wannan fahimta ɗaya ta isa ta rushe duk shirin da aka gina a kan auna zafin goshi a bakin ƙofa. Da aka tambayi yadda ake cire kayan kariya, 'yan kaɗan ne suka kawo jerin daidai. Sa kaya kowa ya iya. Wajen cirewa ake kwasar cuta, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya jiƙa shi, ya kai hannu ya fizge takunkumi ta gaba. Safar hannu da riga ake fara cirewa, a tsaftace hannu, a cire tabarau, takunkumi ya zo ƙarshe ta igiyarsa ta baya, sannan a sake wanke hannu. Haɗa ruwan kulorin ma haka: wani ya zuba har warinsa ya shaƙe shi, wani ya ɗiga kaɗan don kada galan ya ƙare da wuri. Akwai kuma waɗanda suka rubuta cewa magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin suna maganin korona, kuma cikinsu har da masu riƙe da ɗakin magani. Da aka tambayi wa za ka kira in ka ga wanda kake zargi, mafi yawa suka ce shugaban asibitinsu. Kaɗan ne suka ambaci jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ainihin aikinsa ke nan.

Mun kuma tambayi inda ake samun labari. WhatsApp da Facebook ne kan gaba, sai rediyo. Takardun jagora na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, suna nan a intanet kyauta, amma da Turanci suke, masu shafuka da yawa, kuma ba kowa ke da data ko ƙarfin karanta su ba bayan ya sauka daga aikin dare. Saƙon muryar da ke cewa a dafa tafarnuwa da lemon tsami a sha, ko wanda ke ɗora laifin a kan turakun sadarwar 5G, shi da Hausa yake zuwa, cikin minti biyu, daga wayar yayarka ko limamin unguwarku.

Su kuwa masu shara da masu kati da masu gadi, su ne suka fi kowa ƙarancin bayani, kuma dalilin a fili yake. In za a yi bita, shugaban asibiti ake gayyata, a ce ya koma ya koyar da na ƙasa da shi. Ya dawo, aiki ya sha kansa, karatun ya kwana a jakarsa. Alhali mai tari in ya shigo, maigadi yake fara tararwa, sannan ya sunkuya a tagar mai kati su yi magana fuska da fuska. Bayan kowa ya tashi kuma, mai shara ce ke kwashe tsumman majina da safar da aka yar. Wasu cikinsu sun gaya wa wakilanmu cewa tun da suka fara aiki ba a taɓa kiran su wata bita ba.

A ɓangaren ra'ayi, abin da ya fi tsaya mini a rai, ni da na tattara takardun, shi ne samun amsoshi biyu masu karo da juna a takarda ɗaya. Mutum ya ce yana shakkar ko akwai cutar a Najeriya, hanyar cin kuɗi ce kawai. A layi na gaba kuma ya ce in aka kawo mai ita wurin aikinsa, ba zai fito aiki ba. Ban ɗauke shi munafunci ba. Wanda bai yarda da mai ba shi labari ba, kuma ya san babu takunkumi a sito, dole ya riƙe duka biyun. Mafi yawan masu tsoron ma ba kansu suke ji ba. Tsohuwa a gida, miji mai ciwon suga, jariri a goye, ɗaki ɗaya da kowa ke kwana a ciki: waɗannan suka cika filin da aka bari don ƙarin bayani.

Laccar SARS da MERS

Bayan an tattara amsoshi, kwamitin ilimi ya shirya lacca ta Zoom, aka naɗe ta, aka yayyanka ta gajeru-gajeru don tura wa waɗanda ba su samu shiga ba. Wani ɗan'uwa da ya sha raka alhazai a tawagar lafiya ne ya gabatar. Ya nuna mana korona ba ita ce ta farko a danginta ba. SARS ta ɓulla a Sin a 2002, zuwa 2003 ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Cikinsu akwai Dakta Carlo Urbani na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ankarar da duniya daga birnin Hanoi, cutar ta kashe shi a Maris 2003. MERS kuma a Saudiyya aka gano ta a 2012. Daga raƙuma take tsallakowa, tana kashe kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Ba ta cika yaɗuwa a cikin gari ba, amma in ta samu ɗakin karɓar gaggawa mai cunkoso sai ta bazu. Haka aka gani a asibitocin Jidda a 2014, haka aka gani a Koriya ta Kudu a 2015, inda matafiyi ɗaya ya zaga asibitoci yana neman magani, aka ƙare da mutum 186 da suka kamu, 38 suka mutu. Ya ƙara da cewa kada mu ɗauke ta labarin nesa: binciken da aka yi a mahautar Kano a 2015 ya samu alamar ƙwayar a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na raƙuman da aka gwada, ko da yake wanda ya biyo baya bai same ta a jinin mahautan ba. Abin da muka ɗauka daga laccar shi ne cewa cutar numfashi a bencin jira take ninkuwa, inda mai tari da mai awon ciki da tsoho mai karɓar maganin hawan jini suke zama kafaɗa da kafaɗa tun safe.

Afrilu da Mayu

Ba sai na tuna wa kowa waɗannan watanni ba. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle daga 16 ga Afrilu, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara ta da makonni biyu a jawabinsa na 27 ga wata, azumi kuma ya kama a ciki. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfin abin da suka saba. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kuma a daidai lokacin gwaji ya tsaya na wasu kwanaki a jihar. Tawagar Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo ta zo ta bi gida-gida tana tambayar iyalai. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da alaƙa da korona, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika.

Wannan mutuwar gida ta shafe mu kai tsaye. Asibitocin kuɗi da yawa sun rufe ko sun rage aiki. A sauran kuma an samu wuraren da ake hango mai haki daga nesa a ce masa ya tafi gaba. Mai ciwon suga da sugansa ya hau, mai asma, mai ciwon zuciya da ruwa ya taru masa a ƙirji, duk haki suke yi, kuma da yawansu allura ko ƙarin ruwa ko iskar oksijin ta 'yan sa'o'i na iya tsayar da su da yardar Allah. Na faɗa a zaman kwamiti, ina kuma maimaitawa a nan: tsoron ma'aikata ya yi ɓarna a watannin nan. Sai dai ba zan ɗora wa nas ɗin da aka ba takunkumi ɗaya ta yi mako da shi laifin ita kaɗai ba. Zuwa farkon Yuni, NCDC ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu a faɗin ƙasa. A Yuli, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sun haura 10,000 a ƙasashen Afirka 40. Wanda ya ji tsoro bai ji a banza ba.

Abin da ƙungiya ta iya yi a lokacin kulle ba shi da yawa, amma an yi shi ne a kan giɓin da tambayoyin suka nuna. An fassara tsarin haɗa kulorin zuwa Hausa, da boko da ajami, a takarda ɗaya da za a manna a bango. In bilicin kasuwa ne mai ƙarfin kashi 3.5, awo ɗaya a awo 34 na ruwa don goge tebur da benci da marikin ƙofa, awo ɗaya a awo 6 na ruwa don wurin da jini ko amai ya zuba, kuma kullum a haɗa sabo. An ɗauki bidiyon sa kaya da cire su, wata nas da wata mai shara suka yi shi tare, kuma na lura shi ne saƙon da aka fi turawa a duk abin da muka fitar. An tara lambobin jami'an sa ido na ƙananan hukumomi aka raba. Daga gudummawar membobi aka sayi bokitai masu famfo da sabulu, aka ba teloli ɗinkin takunkumin yadi don masu jira da masu jinya, domin na asibiti ya ishi ma'aikata.

Wanda na fi ganin amfaninsa kuwa ko kwabo bai ci ba. An shawarci kowane asibiti ya fitar da benci ɗaya waje, a inuwa, don masu tari da zazzaɓi, a ba su takunkumi tun daga ƙofa, a gan su da wuri, a kuma buɗe tagogin ɗakin duba marasa lafiya da aka daɗe da kullewa saboda ƙura. A lokacin muna yi ne bisa abin da muka sani na tarin fuka. Sai a Yuli masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ƙwayar tana iya ratayewa a iskar ɗakin da ba ya shan iska. Inda aka yi wannan tsari, ma'aikata sun ce hankalinsu ya kwanta har suka daina korar kowa.

Walwalar membobi

Kwamitin walwala ya sha aiki. Membobin da aka killace, an riƙa kiran su a waya, an kai wa iyalansu cefane. An samu waɗanda maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da nasu, da waɗanda masu adaidaita sahu suka riƙa wucewa saboda farar riga, har wasu suka koma sa kayan gida sai sun isa wurin aiki. Wannan tsangwama ita ta sa wasu ma'aikata suka ɓoye zazzaɓinsu suka ci gaba da fitowa, abin da ya fi komai haɗari ga abokan aiki. Iyayen ƙungiya sun je wajen masu unguwanni da limamai a inda abin ya yi tsanani, kuma an ga sauƙi.

Batun alawus ɗin haɗari, kun san Naira 5,000 a wata aka daɗe ana biya. Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙari na musamman na 'yan watanni ga ma'aikatan asibitocinta, kuma jinkirin biyansa na cikin dalilan yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa a Yuni da na gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya a Satumba. Mu ba ƙungiyar ƙwadago ba ce, ba mu kira yajin aiki ba. Mun rubuta wa ofisoshin da abin ya shafa a kan membobinmu na matakin farko da ma'aikatan wucin gadi. Wasiƙun suna fayil ga mai son gani, amsa kuma muna jira.

Magunguna

Nan ma sai da aka yi ta gyara. Kulorokwin ya yi tashe tun Maris, har aka samu waɗanda suka sha ya wuce kima, kafin manyan gwaje-gwaje su nuna ba ya rage mutuwa. Jiƙon tazargade na Madagaska ya biyo baya, aka gwada shi a Abuja ba a samu hujjar yana warkar da korona ba. Ranar 16 ga Yuni masu bincike a Ingila suka sanar cewa deksametason, maganin da ke kowane kemis, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Labari mai daɗi, amma rabinsa ne ya iso unguwa. Ga wanda ba ya buƙatar oksijin, maganin ba ya ƙara komai, kuma yana tayar da suga. Sai ga masu mura suna saya suna sha. Mun fitar da saƙon murya a kan haka, muka haɗa da bitar 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin a jini. Mutum na iya zaune yana hira da kai alhali awonsa ya faɗi ƙasa da 90, kuma wannan ba na riƙewa ba ne a ƙaramin asibiti: a kwantar da shi rub da ciki in zai iya, a sa masa oksijin in akwai, a tura shi gaba.

Zagaye na biyu

Bayan Babbar Sallah, a shekarar da Saudiyya ta hana alhazan waje zuwa Hajji, aka sake raba tambayoyin. Sani ya ƙaru sosai. Yanzu kusan kowa ya san marar alama na iya yaɗa cutar, ya san ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano alama ce, masu shara ma sun kawo awon kulorin daidai. Amma da wakilai suka zaga, sai suka tarar takunkumi ya sauka haɓa, bokitai da yawa babu ruwa, benci ya koma ciki saboda damina, tagogi an rufe saboda sauro. In ka tambaya a ce korona ta tafi. A watan Afrilu mutane suna son kiyayewa ba su da kaya. A watan Agusta akwai sani, akwai ɗan kaya, gajiya ce ta shigo. Sai Disamba ta zo, alƙaluman ƙasa suka sake tashi, aka koma neman inda aka jefa bokitan.

Wakilan sun kuma kawo rahoton cewa awon ciki da rigakafin yara da karɓar maganin tarin fuka duk sun ja baya a lokacin kulle, kuma masu tari da yawa sun ƙi zuwa gwajin majina don tsoron kada a ce korona ce a tafi da su. Membobi sun yi ƙoƙarin bin waɗanda suka ɓace daga rajista, aikin bai ƙare ba.

Allurar rigakafi

Ranar 2 ga wannan wata allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka a Abuja ta shirin COVAX na raba wa ƙasashen duniya allurar korona, ranar 5 ga wata aka fara yi, kuma ma'aikatan lafiya ne a sahun gaba. Da muka ji ta bakin membobi, da yawa sun ce za su jira su ga yadda ta yi wa wasu. Masu tambayar ko tana hana haihuwa suna nan, da masu mamakin yadda aka haɗa ta cikin shekara guda. Dakatar da ita da wasu ƙasashen Turai suka yi a tsakiyar wata saboda rahoton daskarewar jini ya ƙara wa shakkar ƙarfi, ko da yake hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce ranar 18 ga wata amfaninta ya rinjayi haɗarinta.

Kwamiti ya yanke cewa ba za a yi wa mai shakka dariya ba. A garin nan aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 lokacin annobar sanƙarau, yara 11 cikin kusan 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. A nan aka dakatar da ɗigon shan inna daga 2003 zuwa 2004. Amma kuma ƙafafun membobin wannan ƙungiya na cikin waɗanda suka bi lungu-lungu har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agustan 2020. Mun san yadda ake shawo kan uba mai shakka a ƙofar gidansa: a saurare shi, a gaya masa gaskiyar abin da zai ji, ya ga ka ɗiga wa naka ɗan. Shugaba da iyayen ƙungiya sun karɓi tasu allurar a gaban jama'a, kuma sun faɗi abin da suka ji ba ɓoyo: ciwon damtse, zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu. Da yake azumi ya ƙarato, an tuntuɓi malamai a kan ko allurar na karya azumi, za a tura bayaninsu da muryarsu kafin a ga wata.

Abubuwan da ke gaban wannan taro

Kwamitin zartarwa na neman amincewarku a gyara sashen zama memba, domin masu shara, masu wanki, masu kati, masu gadi da direbobi su shigo da cikakken haƙƙi, a kan kuɗin wata da bai kai na sauran ba. An yi muhawara a kai a kwamiti, akwai masu ganin zai nauyaya asusun walwala, za a ba su dama su yi bayani kafin ƙuri'a. Muna kuma neman a mai da tambayoyin nan aikin kowace shekara, a faɗaɗa su su haɗa da Lassa da sanƙarau da kwalara, kuma duk bitar da ƙungiya za ta yi daga yanzu a yi ta a cikin asibitin da kansa, da Hausa, kowa na wurin. Akwai shawarar ware wani kaso na kuɗin wata don ajiye takunkumi da safar hannu da sabulu a ofis, Ma'aji zai faɗi abin da asusu zai iya ɗauka.

Wakilan shiyyoyin da ba su dawo da takardun zagaye na biyu ba, a taimaka a miƙa su ga Mataimakiyar Sakatare kafin a tashi. Masu bashin kuɗin wata su ga Ma'aji a teburin baya. Wa'adin wannan kwamiti ya ƙare da wannan taro, kuma fom ɗin tsayawa takara yana hannun kwamitin zaɓe.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Zartarwa